Wanda shanyewar jiki ta ɗauke wa karatu, ga yadda za a taimake shi a gida

Cikin mutum uku da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama, kusan ɗaya yakan tashi da matsalar magana. Ya san buta, ya san amfaninta, amma sunanta ya ƙi fitowa. Idan aka miƙa masa takarda, baƙaƙen da ya koya a ajin yaƙi da jahilci sai su zame masa baƙi. Likitoci suna kiran wannan afaziya.

Ba hauka ba ne, ba kuma sammu ba. Jini ne ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, galibi na hagu, inda harshe yake. Sashen hagu shi ke tafiyar da hannun dama, shi ya sa hannun yakan mutu tare da magana. Tun 1861 wani likitan Faransa, Pol Broka, ya gano wurin a kan wani majinyaci da ba ya iya faɗar komai sai "tan", alhali yana gane abin da ake ce masa.

Ranar da abin ya faru, a bar tofi da jiƙo, a nufi asibitin Madarumfa ko na Maraɗi. Aikin gida sai an dawo Gabi.

A fara da kalmomin da ya rayu da su: sunansa, sunan ƴaƴansa, gero, rumbu, hauya. A rubuta kowace da manyan baƙaƙe, a liƙa a jikin abin. Ya dubi kalma ɗaya, ya kwafa a allo ko a ƙasa, da hannun hagu idan dama ta ƙi. Sai a rufe, ya sake rubutawa da ka. Kalma biyar sun isa mako guda. Wanda ya fi ƙarfi a ajami, da ajami za a fara masa. Minti 15 da safe da 15 bayan la'asar sun fi awa guda mai gajiyarwa.

Wani ba ya ganin gefen dama na shafi. A ja masa jan layi a bakin takarda, ya bi da yatsa har ya kai.

Abin da ya fi ɓata aikin nan, a ganina, shi ne gaggawar ƴan'uwa. Kada a cika masa kalma tun bai nema ba, kada a yi masa tsawa kamar kurma. Dattijo ne, a jira shi. Sauƙi ya fi saurin zuwa a watanni shida na farko, amma ana ci gaba da samunsa shekaru bayan haka. Maganin hawan jini kuwa, kada a bari ya yanke.