Kayan Intanet Sun Zo Da Aibu: Abin Da Dokar Nijeriya Ta Tanadar Wa Mai Saye

Tun da kamfanoni irin su Jumia da Konga suka fara harka a Legas cikin shekarar 2012, sayen kaya ta intanet ya zama ruwan dare a biranen Nijeriya. Sai dai kuma cinikin yana da wata matsala da kasuwar gargajiya ba ta da ita, domin mai saye kan biya kuɗi bisa hoto da bayani kawai, ba tare da ya taɓa kaya ko ya gwada su ba.

Dokar da ke kula da wannan al'amari ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Dokar ce ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta maye gurbin majalisar kare masu saye da aka kafa bisa dokar soja mai lamba 66 ta 1992.

Sashe na 131 na dokar ya ce wajibi ne kaya su kasance masu inganci, marasa aibu, kuma su yi aikin da aka saba saye dominsa. Idan suka gaza, sashe na 132 ya ba mai saye damar mayar da su cikin wata uku daga ranar da aka kawo masa, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwa tana wuyan mai sayarwa. Daga nan sai a gyara kayan, ko a sauya su, ko a mayar da kuɗi.

Haka kuma sashe na 122 ya shafi cinikin intanet kai tsaye, tunda ya amince wa wanda bai sami damar duba kaya kafin a kawo su ba ya ƙi karɓa cikin lokacin da ya dace, muddin sun saɓa da bayanin da aka yi masa. Bugu da ƙari, sashe na 129 ya haramta duk sharaɗin da zai tauye wannan haƙƙi. Ke nan rubutun nan na "in an saya ba a mayarwa" ba shi da ƙarfi a gaban doka idan kaya na da aibu.

Akwai abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi. Dokar ta fassara mai saye da wanda ya sayi kaya ba don ya sake sayarwa ba. Saboda haka ɗan kasuwar da ya saro wayoyi don shagonsa, kariyarsa tana cikin yarjejeniyar da ya ƙulla da dilansa, don haka ya dace ta kasance a rubuce.

Wanda aka cuta zai fara kai kuka ga mai sayarwa ko kamfanin da ya haɗa cinikin, in ba a biya masa buƙata ba ya nufi FCCPC ko kotu. A kowane mataki hujja ce abin dogaro: rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, hoton tallar kayan da saƙonnin da aka yi musaya.

Inda doka ta fi samun cikas shi ne wajen masu talla a Instagram da WhatsApp waɗanda ba su da adireshi ko rajista. Da wuya a ƙwato kuɗi daga wanda ba a san inda yake ba, shi ya sa binciken mai sayarwa kafin biya ya fi ƙara bayan an biya sauƙi da araha.