Bulaguro da Ziyarar 'Yan'uwa: Yadda Sauya Wuri Ke Rage Fargaba

Babu ɗan Adam ɗin da gabansa bai taɓa faɗuwa ba. Fargaba tana zama lalura ne idan ta zauna wa mutum dare da rana, ta hana shi barci, ta riƙa sa masa bugun zuciya da gumi da ƙullewar ciki, har ya kasa aikin da ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 301 ne ke fama da wannan lalura a duniya, mata sun fi maza yawa a cikinsu, kuma kusan mutum ɗaya ne kacal cikin huɗu ke samun kulawar likita.

A Taba da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, abin da ke kawo zullumi sananne ne. Manomin rake ko tumatir yakan ci bashin taki alhali bai san farashin da zai tarar a kasuwa ba. Waɗanda suka yi noman rani a 2016 ba su manta da tsutsar da ta cinye gonakin tumatir ba, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Ga kuɗin makarantar yara, ga labaran satar mutane da ake ji a rediyo da wayar salula. Mutum yakan kwana da waɗannan, ya tashi da su.

A nan ne 'yar gajeriyar tafiya take da amfani. Tunanin mai fargaba zagaye yake yi, kuma yana manne da wurin da aka saba yin sa: rumbun da ya yi ƙasa, ƙofar gidan mai bin bashi, shimfiɗar da aka yi ta juyi a kanta jiya. Duk sanda ido ya faɗa kansu, sai tunanin ya komo sabo. Idan mutum ya bar garin na kwana biyu ko uku, dole hankalinsa ya koma ga neman mota da gaisawa da jama'a da kallon abin da bai saba gani ba. Matsalar tana nan, amma zuciya ta sami sarari. Har ila yau, tafiya tana motsa jiki, kuma likitoci sun tabbatar cewa motsa jiki na rage fargaba, yana gyara barci. Ba sai an je nesa ba: hawan duwatsun Kufena a Zariya, ko yini a bakin madatsar ruwa ta Tiga, ko zuwa kallon hawan Sallah, duk sun wadatar.

Sai dai a ganinmu, babban maganin yana ga mutanen da ake tararwa a can. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, kuma sun tsara rayuwa yadda kowa zai sami dalilin fita. Matar aure tana da ganin gida, tana da biki da suna da gaisuwar rashi. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta, ta yi arba'in ana ɗauke mata girki da ɗiban ruwa. Wannan lokaci ne da fargaba da baƙin ciki suka fi kama mata, kuma abin da ya fi taimaka musu shi ne hutu da wanda zai saurare su. Macen da ba za ta iya faɗa wa kishiya ko uwar miji abin da ke ranta ba, za ta faɗa wa yayarta a daren farko. Saboda haka magidancin da ke hana iyalinsa ziyara don tsimin kuɗin mota, ya sani cewa abin da ya tsimin zai iya ƙarewa a kantin magani. Wayar salula ta sa mutane da yawa sun ɗauka gaisuwar minti biyu ta isa. Ba ta kai zama a tabarma ɗaya ba.

Akwai kuma wanda hanyar ce kanta ke tsorata shi. Bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, mutane da dama sun ɗauke ƙafa daga tafiya, har a hanyoyin da ba abin da ya taɓa faruwa a kansu. A nan wajibi ne a rarrabe abu biyu. Idan jami'an tsaro ko direbobin tasha suka ce hanya ba ta da kyau, fasa tafiya hankali ne. Amma idan jama'a na kai da komo lafiya, mutum kuwa ya kasa shiga mota zuwa kasuwar Maƙarfi, wannan fargaba ce ke mulkinsa. Duk ranar da ya fasa, zai ji sanyi a ransa na ɗan lokaci, tsoron kuma ya ƙara kafuwa. Hanyar da masana halayyar ɗan Adam ke bi ita ce tunkarar abin tsoron kaɗan-kaɗan: a fara da tafiya mafi kusa, da rana, tare da amintacce, a maimaita ta har gaba ya daina faɗuwa, sannan a ƙara nisa, daga Hunƙuyi zuwa Zariya, daga baya Kano. Idan bugun zuciya ya taso a mota, a ja numfashi a hankali, a sake shi a hankali. Yakan lafa da kansa cikin mintoci.

Ya kamata jama'a su lura cewa tafiyar hutu daban take da gudun matsala. Wanda ya fake da cin rani ya bar iyali ba hatsi, ya kashe waya don kada mai bashi ya same shi, fargabarsa na cikin jakarsa, kuma zai dawo ya tarar bashin ya ƙaru. Tafiya mai amfani tana da ranar komowa, an bar wa gida abin cefane, an kuma shaida wa wanda ake bin bashi. Kada a ci wani bashin don yin ta. Kada kuma a nemi ƙarfin zuciya daga tiramadol ko makamantansa da ake sayarwa a tasha. Suna ƙara lalurar ne.

Wani lokaci kuwa tafiyar da ta kamata ita ce ta asibiti. Idan fargaba ta shafe watanni, ko ta hana mutum gona da kasuwa, ko ziyara ba ta rage komai ba, a fara da cibiyar lafiya ta matakin farko mafi kusa, domin hawan jini da ciwon zuciya da cutar maƙoƙo na iya zuwa da alamu iri ɗaya. Daga nan ana turawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sanya wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta nuna wa irin waɗannan marasa lafiya wariya. Wanda ya fara zancen gajiya da rayuwa ko halaka kansa, kada a tura shi hutu ƙauye. A kai shi asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Ana kira ga dagatai da masu unguwanni da limamai da ma'aikatan lafiya su sa ido kan wanda ya daina zuwa kasuwa da jam'i da zaman majalisa ba tare da ciwon da ake gani ba. Su kuma jami'an ƙananan hukumomi, su riƙa isar wa jama'a sahihin bayani kan halin da hanyoyi ke ciki ta bakin shugabannin tasha da masallatan Juma'a, tun kafin jita-jita ta riga su.