Wankin Jini Na Asibiti Da Na Kwalba

'Yan'uwana mata, da yawa cikinmu mazajenmu suna aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa, ko kamfanonin jima na Challawa. Kullum suna cikin ƙura da hayaƙi, saboda haka in maigida ya komo da tari ba mu cika kula ba. Sai mu ce mura ce, mu sayo masa kwalbar "maganin wanke jini" wurin masu talla. To, ku saurara.

Akwai murar da ba ta tsayawa a hanci, sai ta gangara huhu. Irinta ce korona, wadda aka fara tabbatarwa a Kano ran 11 ga Afrilu, 1441 ta Hijira tana tafiya, watau 2020. In ƙwayar cutar ta kama huhu, jiki yakan tashi yaƙi da ita. Wani lokaci kuwa yaƙin ya wuce kima, jini ya cika da sinadaran kumburi, su lalata huhu da ƙoda.

Ganin haka likitoci suka ce bari a gwada tace jinin. Akan sa bututu a jijiya, jini ya bi ta cikin na'ura mai matata, sa'an nan ya koma jiki. Kusan irin wankin ƙoda ne da ake yi a Asibitin Malam Aminu Kano. A Afrilun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin gaggawa a yi wa masu korona da ke bakin mutuwa.

Amma fa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A birnin Freiburg na Jamus an gwada da majinyata 34 masu tsananin ciwo, aka bayyana sakamako a 2021. Cikin 17 da aka tace wa jini, 3 kaɗai suka kai wata guda da rai. Cikin 17 da ba a tace wa ba, 13 suka rayu. Mutanen kaɗan ne, amma ya isa ya nuna wannan dabara ƙari ce da likita kaɗai zai yanke, ba waraka ba ce. Abin da ya ceci mutane da yawa shi ne iskar oksijin, da wani magani mai araha, dexamethasone, wanda aka tabbatar da amfaninsa a Ingila a Yunin 2020. Shi ma sai likita ya rubuta.

To, in na'urar asibiti ba ta da tabbas, ina ga kwalbar mai talla? Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba yana iya kashe ƙoda.

Saboda haka, uwargida, in kin ga maigida yana haki alhali yana zaune, ko ya kasa ƙarasa magana don numfashi, ko leɓunansa sun sāke launi, ko hankalinsa ya soma gushewa, kada ki jira gari ya waye. A kai shi asibiti nan da nan. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan.

Allah ya ba mu lafiya, amin.