Dukiyar Da Ta Fi Mai Ita Tsawon Rai

Duk mutumin garinmu Tunuga da ya taɓa shirin tafiya Makka ya san katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Asalin allurar ne ba kowa ya sani ba. A shekarar 1927 ma'aikatan gidauniyar Rockefeller, waɗanda ke da ɗakin bincike a Yaba cikin Legas, suka ɗebi jinin wani mutumin Gana da zazzaɓin shawara ya kwantar, sunansa Asibi. Ƙwayar cutar da ke jininsa aka yi ta raunanawa har ta zama rigakafi, kuma jikokin wannan ƙwaya ce ake tsira wa mutane a dantse har yau. Max Theiler, likitan da ya ƙarasa aikin, ya samu kyautar Nobel a 1951. Asibi kuwa ya warke ya koma harkarsa. Sunan nasa a kunnen Bahaushe sunan haihuwar Asabar ne, ina ganin ya cancanci mu riƙe shi.

Yadda irin wannan gidauniya ke tafiya ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Attajiri ya ware dukiya, a zuba ta cikin kasuwanci, a riƙa kashe riba, uwar kuɗi tana nan. A sha nono, a bar saniya. Shi ya sa John Rockefeller ya mutu tun 1937 amma gidauniyar da ya kafa a 1913 tana aiki. A Amurka doka ta wajabta wa irin waɗannan gidauniyoyi su fitar da aƙalla kashi 5 cikin ɗari na dukiyarsu kowace shekara, don kada a fake da sunan taimako a tara kuɗi a guje wa haraji. Mu kuma mun san abin tun da daɗewa da sunan waƙafi, tun ranar da Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a.

Mu ɗauki misalin sanƙarau. Annobar 1996 ta kashe mutum wajen 25,000 a ƙasashenmu na Sahel. A 2001 gidauniyar Bill Gates ta ba da dalar Amurka miliyan 70 a ƙirƙiro allura ta musamman don wannan yanki. Shugabannin lafiya na Afirka suka ce in farashinta ya haura rabin dalar Amurka ɗaya, wajen dala hamsin a ƙidayarmu ta sefa, to ba za su iya saye ba. Wani kamfanin Indiya, Serum Institute, ya karɓi sharaɗin. A Disamban 2010 aka soma yin allurar MenAfriVac ga jama'a da yawa a Burkina Faso da Mali da Nijar.

Ga wanda ya fi kusa da mu: a 2012, a Banikoara, cikin lardin Alibori na Benin, lardin da maƙwabciyarmu Malanbil take, aka fara gwada yawo da wannan allura ba ƙanƙara. Tana jure zafi har digiri 40 na kwana huɗu. Wanda ya taɓa ganin ma'aikacin lafiya ɗauke da akwatin sanyi a bayan babur cikin bazara zai gane girman wannan sauƙi.

Kurkunu ba shi da magani, ba shi da allura. Tsutsa ce da kan kai tsawon mita guda, sai a bi ta a hankali ana naɗe ta a tsinke, wani lokaci makonni, galibi kuma da damina, lokacin da gona ke neman mai ita. A 1986, da cibiyar Jimmy Carter ta shiga yaƙin, an ƙiyasta masu ɗauke da shi miliyan uku da rabi. Makamin kuwa ƙyallen tace ruwa ne da ƴan sa-kai na ƙauye masu hana mai ciwo shiga tabki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da shi. Carter ya taɓa fatan kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Ya rasu a Disamban 2024 yana ɗan shekara 100, a shekarar kuwa waɗanda aka samu da cutar a duk duniya ba su kai ashirin ba.

Wata guda bayan haka, a Janairun 2025, Nijar ta zama ƙasar farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar da baƙin ƙuda na bakin kogi ke jawowa. Maganinta, Mectizan, kamfanin Merck ke bayar da shi kyauta tun 1987.

Labarin da ya fi taɓa mini zuciya na gini ne. A Yama, cikin jihar Tawa, mutanen gari suka sa wani maginin gargajiya, Falke Barmu, ya yi musu masallacin Juma'a a 1962. Aikin gayya aka yi: masu buga tubali, masu jido ruwa, masu kawo itace. Daga 1975 ya sake taɓa shi, ya ɗora masa rufin baka da tulluwa, daga baya ya tayar da hasumiya huɗu, kowace da nata fasalin, babu wadda ta kwaikwayi ƴar'uwarta. A 1986 alƙalan kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine, wadda aka kafa a 1977 ake kuma bayarwa duk shekara uku, suka sa wannan masallaci na laka cikin ayyuka shida da suka yi nasara. Cikin shidan nan har da gyaran Masallacin Ƙudus. A lura, gidauniya ba ta kawo siminti ba, ba ta kawo injiniya ba. Ta zo ta tarar da aiki a gama, ta ce wa duniya ku duba. Mu da ke rushe ginin ƙasa da zarar an samu kuɗin bulo, ya kamata mu je Yama mu ga abin da laka ke iyawa a hannun gwani.

Hukumar al'adu ta Aga Khan ɗin ce ta gyara manyan masallatan laka na Mopti da Jenne da Jingarebar na Tumbuktu, tare da maginan garuruwan. A Alƙahira kuma ta mayar da jujin da ya yi kusan shekara 500 ana zubawa ya zama lambun shaƙatawa na Azhar.

Kogin nan da masuntanmu ke jefa koma ya taɓa ɗaukar littattafai. Da masu bindiga suka mamaye Tumbuktu a 2012, Abdulƙadir Haidara da abokansa suka loda tsofaffin rubuce-rubucen ajami da Larabci cikin adakai, wasu a mota wasu a jirgin ruwa, zuwa Bamako. Asusun Prince Claus na Holan na cikin waɗanda suka biya kuɗin jigilar.

A fannin ilimi, gidauniyar Carnegie ce ta ɗauki nauyin kwamitin Ashby wanda rahotonsa na 1960 ya share fagen sababbin jami'o'in Najeriya, cikinsu har da ta Ahmadu Bello a Zariya, 1962. Andrew Carnegie da kansa ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500, shi da bai yi nisa a makaranta ba.

Kuɗi kaɗai dai ba sa buɗe ƙofar gida. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna na kusan shekara guda, cutar ta fantsama zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Zargin mutane bai faɗo daga sama ba, ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Sai da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da sarakuna da malamai suka shiga gaba, gidauniyar Ɗangote ta haɗa hannu da ta Gates, kafin iyaye suka saki jiki. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta kuɓuta daga shan inna na daji.

Abin da ke damuna shi ne, mai dukiya ke zaɓen ciwon da za a yaƙa. Babu wanda ya tambayi manomin shinkafa na Tunuga ko ya fi buƙatar allura, ko ganuwar tare ambaliya, ko malamin makaranta da zai zauna a gari. Kuma mai bayarwa yana da ikon tsayawa. A Mayun 2025 Bill Gates ya sanar cewa gidauniyarsa za ta kashe wajen dalar Amurka biliyan 200, uwa da riba, sannan ta rufe ƙofa ranar 31 ga Disamban 2045. Jaririn da aka raɗa wa suna a Tunuga a watan da ya yi sanarwar zai kasance ɗan shekara ashirin a ranar.