3.4 Shuka Itacen Fain Da Kula Da Shi A Lambu

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake shuka itacen fain da kuma abin da ke sa ya mutu a hannun masu lambu. Nau'in da aka fi shukawa a Nijeriya shi ne wanda masana ke kira Pinus caribaea. Asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da Kuba da Bahamas ne, kuma an jarraba shi a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna da Miyango a tsaunin Jos. Tsawonsa kan wuce mita 20, ba ya kuma zama tsirara da rani.

3.4.1 Gane Itacen

Sau da yawa akan sayar wa mutum da kashuwarina da sunan fain. Bambancinsu a ganye yake. Na fain siriri ne kamar allura, yawanci uku-uku a ɗaure daga gindi. Abin da ke kama da ganye a jikin kashuwarina kuwa gaɓa-gaɓa ne, idan aka ja sai ya tsinke a gaɓar.

3.4.2 Ƙasar Shuka

A nan ne akasarin masu lambu ke yin asara. Saiwar fain tana zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wata funfuna dangin naman kaza, wadda ake kira maikoriza. Funfunar kan naɗe ƙananan saiwoyi, ta taya su tsotso ruwa da sinadarin fosfaras, shi kuma itacen ya ciyar da ita. Idan babu ita a ƙasa, tsiron zai yi rawaya, ya tsumbure, ko da an zuba masa taki. Saboda haka akan ɗebo ƙasa daga gindin tsohon fain mai lafiya a gauraya da ta cikin ledar reno. Haka kuma ba ya son laka mai riƙe ruwa, ba a kuma zuba masa toka, domin ya fi son ƙasa mai ɗan tsami.

3.4.3 Dashe Da Kulawa

Ana dashe ne bayan damina ta kankama. Sai a yage ledar a hankali, a sa tsiron tare da ƙasarsa, nesa da gini da wayar lantarki. A ranin farko da na biyu wajibi ne a riƙa ba shi ruwa, a kuma kare shi daga gara da awaki. Ba a yanke ƙololuwarsa, domin ita ke jan tsawonsa, kuma reshen da aka sare har cikin tsohon icce ba ya sake toho. Busasshen ganyen da ya taru a gindi taki ne, amma yana saurin kama wuta lokacin hunturu.

A taƙaice, wanda ke son fain ya miƙe masa, to ya fara da gyaran ƙasa kafin ya nemi iri.