Tuƙi ko Aike? Matsalar Bayyana wa Jama'a Aikin Motocin Bincike na Duniyar Mars

Abin da ya jawo rubuta wannan 'yar takarda wata tambaya ce da wani ɗalibi ya yi mini a wata makarantar sakandare a Bunguɗu, sa'ad da na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, aka roƙe ni in yi wa 'yan aji shida lacca a kan motocin da ake aikawa duniyar Mars, wadda malaman falaki suke kira Mirrihu. Da na gama, sai yaron ya ce, "Malam, shi direban ina yake zaune, kuma yaya yake taka burki?" A Tsafe kuwa wani dattijon malami cewa ya yi wannan magana ba ta da bambanci da tatsuniya. Da na zauna na yi tunani sai na ga laifin nawa ne, domin ni na ce ana "tuƙa" motar, alhali kuwa abin da ake yi ba shi ne Bahaushe ya sani da tuƙi ba.

Tuƙi a wurinmu shi ne ido ya gani, hannu ya juya sitiyari nan take. An taɓa yin abin da ya yi kusa da haka a kan wata. A 1970 Tarayyar Sobiyet ta saukar da Lunokhod 1, ƙungiyar mutum biyar suna zaune a Kirimiya suna kallon hoto suna juya ta, har ta yi tafiyar kilomita 10 da ɗoriya. Wannan ya yiwu ne saboda saƙon rediyo yakan isa wata cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Mars ba haka take ba. Saƙon rediyo yana gudun haske ne, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma tazarar da ke tsakaninmu da ita takan kama daga kimanin kilomita miliyan 55 zuwa miliyan 400, gwargwadon inda kowace duniya take a zagayenta na rana. Saboda haka saƙo yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, amsa kuma ta ɗauki kamar hakan kafin ta dawo.

A nan ne mai lacca ya kamata ya tsaya ya yi lissafi a allo tare da masu sauraro, kada ya wuce da sauri. Gudun Perseverance, wadda ta sauka a kwarin Jezero ran 18 ga Fabrairu, 2021, bai wuce santimita 4 da kaɗan a daƙiƙa ba. To, a ce kyamararta ta hango rami lokacin da Mars take can nesa. Kafin hoton ya iso, mutum ya ce "tsaya", umurnin ya koma, an ci minti 40, motar kuwa ta riga ta yi kusan mita 100. Ke nan burkin da yaron Bunguɗu yake tambaya ba shi da wani amfani a hannun ɗan Adam.

Ni a ganina kalmar da ta dace ita ce aike. Kowane yaro a ƙasar nan ya san yadda uwa take aiken ɗa kasuwa: "Ka bi ta bakin masallaci, kada ka ratsa ta kududdufi, in ba ka sami gero ba ka sayo dawa, in ka tarar rafi ya kawo, ka tsaya." Ta gama magana tun bai fita ba, kuma ba ta da sauran iko a kansa sai ya dawo da labari. Haka ma'aikatan cibiyar JPL ta hukumar NASA, a Pasadena ta jihar Kalifoniya, suke yi. Motar takan aiko da hotunan wurin da ta kwana, a haɗa su a kwamfuta su ba da siffar ƙasa da tudunta da gangarenta, masu tsara tafiya su sa wani irin tabarau mai nuna zurfi su duba, su yi shawara da masana duwatsu, sa'an nan su rubuta umurnin yini guda cur. Sai an gwada shi a kwamfuta kafin a tura ta manyan tasoshin rediyo uku da ke Goldstone a Amurka, da kusa da Madrid, da kusa da Kanbera.

Shi kansa aiken iri-iri ne. Inda hanya ta fito sarai a hoto, akan ce mata ta yi mita kaza ta juya kaza, ita ba ta duba komai sai ƙidayar juyin taya. Inda ake tsoron santsi, takan riƙa ɗaukar hoto tana gwada shi da na baya don ta san ko ta ci gaba da gaske ko taya ce kawai take juyawa. Inda ido bai kai ba kuwa, akan nuna mata masauki a bar ta ta zaɓi hanya da kanta, kamar babban yaro da aka amince da hankalinsa. Duk bayan kimanin wata 26, idan rana ta shiga tsakaninmu da Mars, akan dakatar da aika umurni har kusan mako biyu.

Wani abin da na lura yana kama hankalin manya shi ne zancen lokaci. Yinin Mars sa'a 24 ne da minti 39 da daƙiƙa 35. A watanni uku na farko bayan sauka, ma'aikatan sukan bi agogon Mars, watau kullum su makara da kusan minti 40. Wanda ya fara aiki bayan sallar Asuba yau, nan da kwana 18 wajen Magariba zai fara.

Kada kuma mai lacca ya ɓoye kurakurai, domin su ne suke sa mai shakka ya yarda cewa aikin mutane ne. Spirit da Opportunity sun sauka a Janairu 2004, an yi musu tsammanin kwana 90. Spirit ta kafe a cikin ƙasa mai laushi a 2009, aka yi watanni ana gwada dabaru da irinta a nan duniya, ba ta fita ba, aka daina jin ta a Maris 2010. Duk direban da ya taɓa kafewa a yashin hanyar ƙauye ya san wannan baƙin ciki. Opportunity kuwa ta yi shekara 14, ta ci kilomita 45, kusan tafiyar Gusau zuwa Tsafe ke nan. Sannu ba ta hana zuwa. Guguwar ƙura ce ta tare mata rana a Yuni 2018, farantan solarta suka kasa ba ta wuta. Mutumin Gusau da yake goge nasa faranti kowace safiya da hunturu ba ya bukatar dogon bayani a nan. Curiosity, wadda ta sauka a 2012, da Perseverance ba su dogara da rana ba, da zafin sinadarin fulutoniyam suke samun wuta.

Saura zancen dattijon Tsafe, wanda yake ganin abin na wasu mutane ne can nesa. Akan ba irinsa amsa da sunayen 'yan Afirka, kuma amsa ce mai kyau. Cheick Modibo Diarra na Mali ya yi aiki a shirin Pathfinder da ya kai ƙaramar mota Sojourner a 1997, daga baya ya shugabanci sashen wayar da kan jama'a na shirin Mars, kafin ya zama firayim ministan ƙasarsa a 2012. Ashitey Trebi-Ollennu na Gana shi ya jagoranci aikin hannun ƙarfen na'urar InSight da ta sauka a 2018. Amma muna da hujjar da ta fi waɗannan kusa, wadda abin kunya ne a ce ba ma fara lacca da ita.

Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a gonar wani manomi kusa da Zagami, a ƙasar Faskari ta jihar Katsina ta yau, maƙwabciyar Tsafe. Rahoton ya ce mutumin yana korar hankaki ne ya ji ƙara, dutsen ya nutse a ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. A 1995 masana suka auna iskar da ta maƙale a cikinsa, suka tarar ta dace da iskar Mars da na'urorin Viking suka auna a 1976. Watau wani abu ne ya taɓa dukan Mars ya tsinke shi, ya daɗe yana yawo a sarari, ya zo ya faɗi a gonar Bahaushe. A 1996 kuma aka sa ɗan ɓarɓashinsa a cikin kumbon Mars Global Surveyor aka mayar da shi wajen da ya fito. Gutsattsarinsa yanzu suna ɗakunan bincike da gidajen tarihi na ƙasashe da dama, alhali a cikin ɗaliban da na tambaya a Tsafe ba wanda ya taɓa jin labarinsa, ko da yake wasunsu suna da dangi a Faskari.

Rashin tsaron da ya addabi wannan yanki a 'yan shekarun nan ya hana a kwashi yara a kai su wurin. Abin da nake sa ɗalibaina su yi a filin makaranta shi ne a ɗaure wa yaro guda ido a matsayin mota, a jera duwatsu a gabansa, 'yan ajin su rubuta masa umurni duka a takarda, wani yaron ya kai masa da tafiyar hawainiya ya karanta masa. Ba a yarda kowa ya yi magana ba bayan an miƙa takardar. A karo na farko, kusan kullum, motar takan yi tuntuɓe tun a dutse na biyu, a karo na uku za a ga sun fara rubuta, "In ƙafarka ta taɓa dutse, ka tsaya ka aiko."