Yaron da aka fara rubuta sunansa a littafin galahanga

A shekarar 1938 wani lauya mai suna Beamon Triplett, mazaunin ƙaramin garin Forest a jihar Misisifi ta Amurka, ya zauna ya rubuta wasiƙa mai shafi 33. Ba ta shari'a ba ce. Labarin ɗansa na fari ne, Donald, wanda aka haifa a watan Satumba na 1933, ya aike da ita ga wani likitan ƙwaƙwalwar yara, Leo Kanner, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo.

Abin da uban ya rubuta, duk wadda ta taɓa renon irin wannan yaro za ta gane shi. Donald ba ya ɗago kai idan an kira shi. Mahaifiyarsa Mary ta shigo ɗaki ko ta fita, duk ɗaya ne a wurinsa. Zai wuni yana juya murfin tukunya a ƙasa yana tsalle don murna, in kuwa aka taɓa masa jerin kayan wasansa sai gida ya rikice da kuka. Amma wannan yaron tun yana shekara 2 ya haddace dogayen karatuttukan coci, kuma in ya ji waƙa yakan rera ta daidai ba kuskure.

Kafin wasiƙar nan iyayen sun riga sun bi shawarar likitocin zamanin. A 1937 suka kai shi wani gidan ajiye yara, yana ɗan shekara 3. Can ya ƙara shiga cikin kansa. Bayan kimanin shekara guda zuciyar Mary ta kasa ɗauka, suka je suka ɗauko abinsu duk da an shawarce su su bar shi. A ganina, a nan rayuwar Donald ta juya, tun kafin wani masani ya sa masa ido.

Kanner ya ga yaron a watan Oktoba na 1938. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne maganar Donald. Yana magana, amma ba irin tamu ba. In yana son wani abu sai ya maimaita tambayar da uwarsa ta saba yi masa, kalma da kalma, har da karin muryarta, yana kiran kansa “kai” maimakon “ni”. Wata rana mahaifinsa ya so koya masa amsa tambaya, ya ce in yana son a ɗora shi a kafaɗa ya ce “i”. Ya faɗa, aka ɗora shi. Daga ranar, tsawon watanni, “i” a bakin Donald ba ta nufin komai sai a ɗora shi a kafaɗa. Kalma a wurinsa takan manne da halin da ya fara jin ta a ciki. Wanda bai san asalinta ba zai ce surutun banza ne, alhali saƙo ne cikakke, mai sauraro ne bai san hanyarsa ba.

A 1943 Kanner ya wallafa bayanin yara 11 masu irin wannan hali, Donald ne na farko a jerin. Daga nan ilimin likita ya san wannan yanayi da muke kira galahanga. Sai dai ilimin ya yi tuntuɓe mai ciwo: shekaru da yawa ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai sanyin zuciyarsu ga ’ya’yansu ne sanadi. Sai a 1977 binciken Susan Folstein da Michael Rutter a kan tagwaye 21 a Ingila ya nuna gado na da babban hannu a ciki. Allah kaɗai ya san hawayen da iyaye mata suka zubar kafin nan.

Ɓangaren da na fi so a labarin shi ne na gona. Bayan wasu shekaru aka kai Donald riƙo wurin wasu mata da miji manoma, ba nisa da garinsu, ya yi shekara 4. Ba su karanci halayyar ɗan adam ba, amma sun karanci yaron. Suka ga yana son aune-aune, suka sa shi haƙa rijiya yana faɗa musu zurfinta. Suka ga yana ƙirga kunyoyin masara ba gajiya, suka ba shi garma da doki, ya riƙa ƙirgawa yana huɗa. Suka ga yana tsintar matattun tsuntsaye, suka yanka masa wuri ya riƙa binne su yana kafa alama. Da Kanner ya ziyarce su a 1945 ya ga yaron ya huɗe dogayen kunyoyi 6 a gabansa. Abin da wasu za su sa bulala su hana, shi waɗannan mutane suka mayar masa aikin yi.

Donald ya gama sakandare, ya kammala kwalejin Millsaps a 1958 inda ya karanci Faransanci, ya kama aiki a bankin garinsu ya yi kusan shekara 65 a can. Gaskiya ne gidansu masu hali ne, dangin mahaifiyarsa ne suka kafa bankin, kuma ba kowane yaro mai galahanga ne zai kai inda ya kai ba. Wasu har tsufa ba za su furta kalma ba, kuma darajarsu ba ta ragu da haka. Amma kuɗi ba su saya masa ƙaunar gari ba. Mutanen Forest sun saba da ɗabi'arsa ta raɗa wa kowa lamba a madadin suna. Da ’yan jarida John Donvan da Caren Zucker suka je neman labarinsa, mutanen garin sun gargaɗe su cewa in suka cutar da Donald za su nemo su duk inda suke. Ya koyi tuƙi, ya zagaya ƙasashe fiye da 30 shi kaɗai, ya rasu a garinsu ranar 15 ga Yuni, 2023, yana da shekara 89.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da galahanga. Ƙirga yaran da ke fitowa daga Islamiyya guda a Unguwar Sanusi ta Kaduna da yamma, ka ga ba labarin Turawa kaɗai ba ne. Namu dai sunayen da muke ba su ne daban: a ce shafar aljanu ce, ko sammu, ko taurin kai. A rufe yaro a ɗaki idan baƙi sun zo, kishiya da dangin miji su sa uwarsa a bakin duniya.

Idan akwai irin wannan yaro a gidanku, wanda ya kai shekara 2 ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya haɗa ido da mutane, ku yi masa addu'a, ku kuma kai shi likitan yara ya duba shi, har da gwajin ji. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana nan Barnawa, cikin garin Kaduna. In kuma ɗan maƙwabta ne, ku hana yaranku tsokanarsa, ku shiga ku gaida uwarsa, ku tambaye ta abin da yake so.